Zubar da ciki a dokar Nijeriya: abin da doka ta ce a Karshi, da abin da ake jayayya a kai

Karshi gari ne da ke gefen Babban Birnin Tarayya, a ƙarƙashin ƙaramar hukumar AMAC, dab da iyaka da Jihar Nasarawa. Wanda ya taso daga tsakiyar Abuja sai ya ratsa Nyanya da Karu da Jikwoyi da Kurudu da Orozo kafin ya isa. Gwandara da Gade da Gbagyi da Hausawa da sauran ƙabilun ƙasar nan suna zaune a cikinsa, Musulmi da Kirista, kuma da yawansu babban asibitin gwamnati na garin ne madogararsu. Idan mai juna biyu ta iso irin wannan asibiti cikin mawuyacin hali, ba limami ko fasto ne ke tantance abin da likita zai iya yi mata ba. Wata doka ce mai shekara fiye da 60, wadda mutane ƙalilan ne suka taɓa karanta ta.

Dokar ita ce Final Kod, wadda ke aiki a Abuja kamar yadda take aiki a Arewa. Sashe na 232 ya tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 14, ko tara, ko duka biyun, ga duk wanda ya jawo wa mace ɓarin ciki da gangan, kuma hukuncin ya haɗa da macen da ta yi wa kanta. Ƙofa ɗaya tak aka bari: idan an yi ne da kyakkyawar niyya domin ceton ran uwar. Ba a ambaci fyaɗe ba, ba a ambaci cikin da ɗan'uwa na jini ya yi ba, ba a kuma ambaci mummunar nakasar ɗan tayi ba. A Kudu, inda Kiriminal Kod ke aiki, sashe na 228 zuwa na 230 sun tanadi shekara 14 ga wanda ya yi aikin, 7 ga macen, 3 ga wanda ya samar da magani ko kayan aiki, yayin da sashe na 297 ya kare likitan da ya yi tiyata don ceton ran uwa.

Da yawa na ɗaukar cewa daga littattafan addini aka kwaso waɗannan sassa. Tarihi bai nuna haka ba. An zartar da Final Kod a 1959, ta fara aiki a 1960, bayan gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana shari'a a 1958 ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat. Daga dokar Sudan aka tsara ta, ita kuma ta Sudan ta samo asali daga dokar da Turawan Ingila suka rubuta wa Indiya a 1860. Kiriminal Kod kuwa daga Kwinsland ta Ostareliya aka kwafo ta, aka shimfiɗa ta a kan ƙasa baki ɗaya a 1916. Ingila da ta haifi waɗannan dokoki ta sassauta tata tun 1967. Abin da addini ya yi a Nijeriya shi ne riƙe dokar a inda take, kuma ya riƙe ta da ƙarfi.

An gwada taɓa ta sau da dama. A 1981 an gabatar da ƙudirin sassauci a Majalisar Wakilai da goyon bayan ƙungiyar likitocin mata, ya sha kaye saboda adawar shugabannin addini da ma wasu ƙungiyoyin mata. A 2012 Jihar Imo ta yi wata doka mai ɗauke da sashen da ya ba da damar zubar da ciki; da Cocin Katolika ta taso, Gwamna Rochas Okorocha ya ba da haƙuri, aka janye ta a 2013. A watan Yunin 2022 Jihar Legas ta fitar da ƙa'idojin da za su nuna wa likitoci yadda za su yi aiki a cikin iyakar da doka ta riga ta halatta. Ba su yi mako biyu ba Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya dakatar da su. Na Legas ɗin ya fi jan hankali, domin ba sabuwar doka aka kawo ba, bayani ne kan tsohuwa, amma kalmar kaɗai ta isa ta tayar da ƙura.

Masu son a bar dokar yadda take suna da hujjar da ba za a raina ba. A ganinsu ɗan tayi rai ne, kuma babban aikin hukuma shi ne kare ran da ba zai iya kare kansa ba. Sun kuma dogara da Kundin Tsarin Mulki na 1999: gaskiya ne sashe na 10 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin addinin ƙasa, sashe na 37 da na 38 sun kare sirrin mutum da 'yancin tunaninsa da imaninsa, amma sashe na 45 ya yarda a taƙaita waɗannan haƙƙoƙi saboda tarbiyyar jama'a da lafiyarsu da kuma haƙƙin wasu. Ƙasar da kusan kowa a cikinta Musulmi ne ko Kirista, in ji su, ba za ta rubuta doka kamar ba ta san abin da mutanenta suka yi imani da shi ba.

Sai dai addinan ba su yi magana da murya ɗaya ba, kuma nan ne muhawarar ke yawan tsallake abin da ya kamata ta tsaya a kai. Cocin Katolika ta haramta zubar da ciki da gangan tun daga ranar da ya shiga. A fiƙihun Musulunci malamai sun haɗu a kan haramcinsa bayan an busa rai, wanda galibinsu suka ƙaddara da kwana 120, sai idan ran uwa na cikin haɗari. Kafin wannan lokaci akwai saɓani. Mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta mafi yawan Musulmin Afirka ta Yamma, ta fi kowa tsanantawa, domin mashhurin ra'ayinta ya hana tun daga shigar ciki, ko da yake an ruwaito cewa al-Lakhmi, ɗaya daga cikin malamanta, ya yi rangwame kafin kwana 40. Malaman Hanafiyya da dama sun halatta kafin kwana 120 idan akwai uzuri karɓaɓɓe. A 1990 Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta amince da shi kafin kwana 120 idan kwamitin likitoci amintattu ya tabbatar da mummunar nakasar da ba ta da magani. Wato a wannan gaɓa, fatawar Makka ta fi Final Kod sassauci. Tunisiya ta halatta shi a watanni uku na farko tun 1973, Turkiyya kuma har mako 10 tun 1983. Wanda ya ce a bi addini a dokar ƙasa, dole ya faɗi wace fahimta za a bi, da kuma dalilin da zai sa a ɗora ta a kan maƙwabcinsa da ke bin wata.

Su kuma masu neman sauyi ƙididdiga suke fara nunawa. Wani bincike na cibiyar Guttmacher ya ƙiyasta cewa an zubar da ciki kusan miliyan 1.25 a Nijeriya a 2012 kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata 82,000 ne suka mutu a ƙasar nan a 2020 sakamakon ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya, kuma zubar da ciki a hannun waɗanda ba su ƙware ba na cikin sanannun dalilai. Hujjarsu ita ce haramcin bai hana aikin ba, ya dai kore shi zuwa bayan kantin kemis da ɗakin mai maganin gargajiya, inda talaka ce ke biya da ranta, mai hali kuwa ta san asibitin kuɗin da za ta je. Suna kuma tunatar da cewa Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Maputo a 2004, wadda ta nemi a ba da dama idan an yi fyaɗe, ko ciki tsakanin 'yan'uwa na jini, ko lafiyar uwa na cikin haɗari. Amma bisa sashe na 12 na tsarin mulki, yarjejeniya ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka, kuma ba a gyara Final Kod don ta dace da ita ba.

Kotun Ƙoli ta taɓa shata iyakar 'yancin mutum a kan jikinsa, ko da yake ba a kan ciki ba. A shari'ar Dakta Okonkwo a 2001 ta ce baligi mai hankali na da ikon ƙin ƙarin jini saboda imaninsa, ko da hakan zai kai shi ga mutuwa. A shari'ar Esabunor a 2019 kuma ta ce iyaye ba su da ikon hana a yi wa jaririnsu ƙarin jini da sunan addini. Ma'ana, ikonka a kan jikinka cikakke ne har zuwa inda ran wani ya shigo. Dukan rigimar zubar da ciki ta taru ne a kan ko ɗan tayi shi ne wannan "wani", kuma daga wace rana. Likitanci na iya faɗin abin da ke faruwa a kowane mako na ciki, amma ba shi ke yanke wannan hukunci ba. Shi ya sa ƙasashe ke ta saɓawa: Amurka ta soke a 2022 kariyar da kotunta ta bayar a 1973, Faransa ta shigar da 'yancin cikin tsarin mulkinta a 2024, maƙwabciyarmu Jamhuriyar Benin kuma ta faɗaɗa dokarta zuwa mako 12 a 2021.

Kafin a kai ga warware wannan, akwai abubuwan da doka ta riga ta daidaita, waɗanda rashin saninsu ke kashe mata a garuruwa irin Karshi. Likitan da ya kawo ƙarshen ciki don ceton ran uwa bai yi laifi ba, kuma Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da ƙa'idojin yin hakan tun 2018. Kula da macen da ta zo da zubar jini ko zazzaɓi bayan ɓari, ko da wane dalili ya jawo ɓarin, aikin asibiti ne da doka ba ta hana ba. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda ke aiki a Abuja, ta ba wadda aka yi wa fyaɗe haƙƙin samun kulawar likita, ko da yake ba ta sauya sashe na 232 ba. Inda jinin ya ƙi tsayawa kuma aka ga dole a tura ta babban asibiti a cikin birni, tafiyar na nufin shiga cunkoson Karu da Nyanya, don haka duk sa'ar da iyali suka ɓata a gida suna tsoron 'yan sanda ko bakin unguwa, daga lokacin ceton ranta aka cire ta.