Kumbon Indiya da Saniyar New York Times

A ranar 24 ga Satumba 2014, kumbon Indiya mai suna Mangalyaan ya fara kewaya duniyar Mars. A gwajin farko aka dace, kuma da kusan dala miliyan 74, kuɗin da bai kai na shirya fim ɗin Gravity ba. Ba a daɗe ba jaridar New York Times ta buga zanen barkwanci: wani manomi da rawani, riƙe da igiyar saniya, yana ƙwanƙwasa ƙofar zauren manyan masu zuwa sararin samaniya. A ciki ga wasu ƙosassu biyu sanye da kwat, ɗaya na riƙe da jarida. Indiyawa suka yi mata caa, sai da ta nemi afuwa.

Ni dai idan labarin Asiya ya zo hannuna, hoton da aka ɗora masa nake fara dubawa, sannan sakin layi na biyu. Injiniyoyin hukumar sararin samaniyar Indiya, ISRO, a Bengaluru ne suka yi aikin, har da mata, amma saniya aka zana. Idan Amurka ta harba kumbo, da wuya a sako mata zancen masu kwana a titin Los Angeles. Indiya kuwa sai an jawo talauci da rashin ban-ɗaki. Talaucin yana nan, ba na musu. Tambayata ita ce, wa ake yi wa gorin nasa?

Mai zanen ma ɗan Singafo ne, don haka ba maganar launin fata kaɗai ba ce. Edita yakan zaɓi hoton da masu sayen jaridarsa suka saba gani.