Satin da akwatinmu ya kwana a kulle

Mu ne matan wata ƙungiya ta nan Gure, jihar Damagaram, mu 25. Muna so mu ba ku labarin wani sati da ya kusa watsa mu, don mun san abin da ya same mu yana samun kowace ƙungiya.

Satin 13 ga Mayu ne. Kun dai san watan: zafi kamar tanda, layin pampo tun asuba, maza sun fara sharar gona suna jiran a kai musu fura. A cikin kwana bakwai ɗin nan abubuwa huɗu suka haɗe mana. Akwai jarrabawar ƙarshe ta ajin yaƙi da jahilci, wadda tara daga cikinmu za su zauna. Akwai taron rabon kuɗi, wato fasa asusu kafin damina, don kowace ta samu na iri. Akwai bikin ranar mata da ɗinkin anko. Sai kuma auren ƴar ɗaya daga cikinmu. Duk wannan ban da sana'a, don mai ƙosai ba ta da hutu, mai man gyaɗa da mai saƙar tabarmar kaba suna da ranar kasuwa a gabansu.

Ranar rabo muka shimfiɗa tabarmi bayan la'asar. Akwatinmu kwaɗo uku gare shi, makullan suna hannun mata uku dabam-dabam, kamar yadda tsari ya ce. Biyu suka zo. Ta ukun an yi rasuwa a dangin mijinta a ƙauye, ta tafi gaisuwa da makullin ɗaure a bakin zane. Sakatariyarmu kuma, wadda ita kaɗai ta iya littafin lissafi daga farko har ƙarshe, tana gidan biki kan tukunya. Muka zauna muna kallon akwati har magariba, kuɗinmu na ciki, ba halin taɓawa. Wata ta riga ta yi alkawarin biyan kuɗin irin wake washegari, wata tana jiran rabonta ta kai yaro likita. Wallahi ranar an faɗi maganganun da sai da aka yi ta ba da haƙuri.

Amma asarar da ta fi ciwo ba mu gan ta ba sai bayan kwana biyu. Cikin mata taran nan, huɗu kaɗai suka je jarrabawa. Biyar suna wajen daka da jere. Wata huɗu suna zuwa aji da rana tsaka, da goyo, suna koyon baƙi da lissafi, rana ɗaya ta cinye.

Da muka zauna muka tambayi kanmu, me ya sa kullum karatu ne ke faɗuwa? Amsar ba ta da wuya. In ba ki je biki ba, uwar amarya za ta riƙe ki, ranar naki bikin ki ga tabarma wayam. In ba ki soya ƙosai ba, gida ba cefane. In kin makara taro, akwai tara. Littafi ne kaɗai ba ya fushi, ba ya aiko yaro ya kira ki. Shi ya sa muke danne shi, alhali rashinsa ne ya bar mu mata 25 muna jiran mace guda ta sauke tukunya.

Tsarin nan namu na Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara da matan jihar Maraɗi a 1991, da ka aka fara riƙe lissafinsa. Iyayenmu sun yi ƙoƙari, kowace ta haddace zubinta da bashin ta kusa da ita, har tsarin ya bazu ƙasashen Afirka da dama. To amma yau kuɗi sun ƙaru, bashi ya yi rassa, ga saƙon kuɗi ta salula da sai kin karanta lamba. Wadda ba ta rarrabe jikka biyar da jikka hamsin a rubuce, a hannun wani take. Ita ma ranar 13 ga Mayu da muke yi wa anko, a shekarar 1991 ɗin ce mata suka yi tattaki a Yamai saboda mace ɗaya tak aka sa cikin kwamitin shirya babban taron ƙasa. Kujerar magana suka nema, mu kuwa ranar tunawa da su muka bar aji don ɗinki.

Ba mu ce a bar zumunci ba, ai zumunci a ƙafa yake, kuma shi ne ya haɗa mu tun kafin akwati. Sai dai taura biyu ba ta taunuwa. Ga abin da muka tsaida, muka sa a littafi:

Na farko, ƙarshen kowane taro, kafin addu'a, kowace ta faɗi hidimar da ke gabanta a sati mai zuwa. Aure da suna ba sa zuwa ba zato, rasuwa ce kaɗai ba ta sallama.

Na biyu, mai makulli in tafiya ta kama ta, ko cikin dare ne, ta miƙa shi ga mataimakiyar da taro ya zaɓa mata, gaban shaida ɗaya. Ba a ba wadda ke riƙe da wani makullin, ba a ba ma'ajiya.

Na uku, hidimar biki mun raba ta gida-gida. Masu zuwa aji su ɗauki aikin safe ko na dare, waɗanda ba su da aji su riƙe na rana. Gudummawa a haɗa, mata uku su kai da sunan kowa.

Na huɗu, duk wadda ta gama aji za ta zauna gefen sakatariya tana rubuta zubi, bi da bi, har mu samu mata uku masu iya littafin.

Na biyar, ranar jarrabawa ba taro, ba rabo, ba aiken ƙungiya.

Akwai waɗanda ba su ji daɗi ba. Wata dattijuwarmu ta ce a zamaninsu ba a aika wakili gidan biki. Gaskiyarta, kuma ba mu ƙi ta ba: in na jini ne, ko maƙwabciya ta katanga ɗaya, ki je da ƙafarki. Uwar amaryar ce ma ta kashe gardamar, ta ce da ta san ranar jarrabawa ce, da ita da kanta ta kore su daga bakin turmi.

Akwatin ya buɗu bayan kwana uku, kowace ta karɓi rabonta ba ko dala da ta ɓata. Mata biyar ɗin nan sun yi alkawarin komawa aji bayan girbi. Ku ma ƴan uwa, a taronku na gaba ku ƙirga: mata nawa ne cikinku za su iya buɗe littafin in sakatariya ba ta nan? Allah ya ba mu damina mai albarka, ya bar zumunci.