ABIN DA TSAWA KE BARI A JIKIN MUTUM

Damina ta kankama, hadari na tasowa da la'asar, manoma kuwa suna gona. Mutane da yawa suna tsammani duk wanda tsawa ta faɗa wa ya mutu ke nan. Ba haka ba ne. Cikin mutum 10 da ta faɗa wa, wajen 9 suna rayuwa, amma da yawansu ba su komawa yadda suke a da.

Dalili kuwa shi ne, tsawa wutar lantarki ce mai ƙarfin gaske. Jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi su ma da ɗan lantarki suke aiki. In babbar wuta ta ratsa su sai ta birkita su, ko da ba a ga ƙuna a fata ba.

Nan take mutum yakan suma, ko ƙafafunsa su mutu su yi sanyi, amma wannan yakan sake shi cikin 'yan sa'o'i. Sau da yawa kuma dodon kunne yakan fashe. Abin da ya fi wuya shi ne wanda ke biyo baya, ya daɗe wata da watanni: ciwon kai, jiri, rashin barci, mantuwa, saurin fushi, da zogi a hannu ko ƙafa. Sai manomi ya manta inda ya ajiye iri, ɗan kasuwa kuma lissafi ya gagare shi. Waɗansu su ce ragwanci ne, waɗansu su ce iskoki. Ba ko ɗaya. Rauni ne a ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, yana bukatar likita da haƙurin iyali.

Kada a ji tsoron taɓa wanda tsawa ta kayar, babu sauran wuta a jikinsa. In ba ya numfashi, a yi ta danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, ana hura masa iska a baki. Ko ya tashi garau, lalle a kai shi asibiti.

Da an ji rugugi a bar gona, a shiga gida. Kada a fake gindin itace, gama wutar takan bi ƙasa ta kama wanda ke kusa. Haka take kashe shanu garke guda. A dakata minti 30 bayan rugugin ƙarshe kafin a koma aiki. Gona ba ta gudu.