Me ya sa ake kashe tsarin mayar da kwamfuta baya a ofisoshi?

A shekara ta 2000 ne kamfanin Microsoft ya sanya wa manhajarsa ta Windows wani tsari mai suna System Restore, wanda ke mayar da kwamfuta yadda take kafin ta samu matsala.

Tsarin kan ajiye kwafin muhimman fayilolin da ke tafiyar da na'urar lokaci-lokaci, musamman gabanin a ɗora mata sabuwar manhaja. Idan abu ya lalace, sai a koma kan wancan kwafi.

To sai dai a ma'aikatun da ke da kwamfutoci da dama ƙarƙashin kulawar jami'i guda, sau da yawa akan kashe shi da gangan.

Batun dai ya shafi yankunan Gwandu da Kalgo a jihar Kebbi, inda aikin kwamfuta ke ƙara yawa. A Kalgo ne Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, ke da mazauninta na dindindin, kuma tun 2015 ɗaliban yankin da kwamfuta suke rubuta jarrabawar JAMB, kamar takwarorinsu a faɗin Najeriya.

Dalilai uku

Dalili na farko shi ne ƙwayoyin cutar kwamfuta. Idan aka ajiye kwafi alhali na'urar ta riga ta kamu, cutar kan laɓe a cikinsa, ta dawo duk ranar da aka koma baya.

Na biyu, komawa baya na iya goge gyare-gyaren tsaro da aka ɗora daga bisani, lamarin da ke sake buɗe ƙofar da aka toshe.

Na uku kuma, kwamfutocin da ke haɗe da babbar na'urar ma'aikata kan sauya kalmar sirrinsu da kansu duk bayan kwana 30. Wadda aka mayar kan tsohuwar kalma, babbar na'urar na iya ƙin amincewa da ita, ma'aikaci ya kasa shiga.

Jami'in kula da kwamfutoci ba ya buƙatar bin su ɗaya bayan ɗaya. Ta hanyar Group Policy yakan ba da umarni guda da zai hau kan dukkansu.

Inda hatsarin yake

Amma kashe tsarin ba tare da tanadin madadinsa ba, tamkar zubar da ruwan tulu ne don an ga hadari.

Manyan ma'aikatu kan ajiye cikakken kwafin manhajojinsu, wanda za a ɗora wa duk na'urar da ta lalace. Ƙaramin ofis a Gwandu da ba shi da irin wannan tanadi kuwa, aikinsa na iya tsayawa har sai an samo mai gyara.

Haka kuma tsarin bai taɓa zama ma'ajiyar takardu ba: ba ya dawo da wasiƙa ko jadawalin albashi da aka goge.

Manhajojin garkuwa da bayanai, irin su WannaCry da ta gurgunta asibitoci a Ingila a watan Mayun 2017, kan yi ƙoƙarin share waɗannan kwafe-kwafe.

Don haka ko an kashe tsarin ko an bar shi, takardun ofis ba su tsira ba sai an adana su a wata ma'ajiyar daban da ba ta haɗe da na'urar.