Sarauta, Sihiri da Soyayya: Da Wane Littafi Za Ku Fara?

Ɗalibai da yawa kan fara da The Lord of the Rings, mai shafi fiye da 1,000, su gaji, su daina karanta labaran Turanci gaba ɗaya. Mu dai shawararmu, ku fara da Ella Enchanted na Gail Carson Levine, wanda ya fito a 1997. Wata aljana ce ta ɗora wa jaririya biyayya dole, duk abin da aka umarce ta sai ta yi. Da ta girma ta kamu da son yarima, sai ta ƙi aurensa, don kada maƙiya su umarce ta ta cutar da shi. Turancinsa mai sauƙi ne.

Daga nan sai The Princess Bride na 1973: takubba, ƙato, barkwanci. Gabatarwarsa ta cika tsawo, ku tsallake ta.