Lissafin Shekarar Farko a Jami'a: Awa 30 Ne Kacal, Ya Za Ka Yi da Su?

Idan ka gama sakandare a Gaya ko Ajingi, kuma ka samu gurbin karatu a fannin kimiyya, injiniyanci ko kwamfuta, akwai kwas ɗin da ba makawa sai ka gamu da shi: lissafin shekarar farko. Ko Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil ka nufa, nan kusa da gida, ko Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko Bayero a Kano, zancen kusan ɗaya ne. Ɗalibai da dama kan shiga da kiredit ɗinsu na WAEC ko NECO suna ganin ai an wuce wurin, sai sakamako ya fito su ga F. Galibi dokokin kwas ɗin ne ba su fahimta da wuri ba. To bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya, da lissafinsu.

Me kwas ɗin ya ƙunsa?

A watan Disamba na 2022, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta fito da sabuwar manhaja mai suna CCMAS. A cikinta akwai MTH 101, wato aljabara da tirigonometiri, sai MTH 102, wato kalkulas. Lambar kwas kan bambanta daga jami'a zuwa jami'a, amma kayan cikin ba su da nisa da juna. Kowannensu yunit 2 ne. Yunit ɗaya na nufin lakcar awa ɗaya a mako har tsawon mako 15. Ka ga ke nan MTH 101 gaba ɗayansa awa 30 ne.

A cikin awa 30 ɗin nan za a bi ta kan rukunin abubuwa, nau'o'in lambobi, jerin lambobi da jimlarsu, ikweshin mai x², ƙa'idar bainomiyal, lambobin da suka ƙunshi tushen -1, da lissafin kusurwa. Malami ba shi da lokacin tsayawa ya maimaita kamar yadda aka saba a SS3. Shi ya sa a Amurka ma'aunin yunit ya ɗauka cewa kowace awa ɗaya ta aji tana buƙatar akalla awa biyu na aikin ɗalibi shi kaɗai. Idan ka bi wannan, awa huɗu ke nan a mako, kai da biro da takarda.

Dokar kashi 75

A yawancin jami'o'inmu, sai ka halarci kashi 75 cikin 100 na lakca kafin a bar ka ka zauna jarrabawa. A ce lakcar sau ɗaya ce a mako, ta awa biyu. Ka yi fashi uku, saura 12 cikin 15, kashi 80 ke nan, ka tsira. Ka ƙara ɗaya, 11 cikin 15, ka dawo kashi 73. An rufe ƙofa.

Wannan ya fi shafar ku 'yan kusa. Wanda ya zo daga Legas ba shi da wurin zuwa sai hostel. Kai kuwa gida na nan kusa: yau ɗaurin aure, gobe suna, jibi Baba na neman hannu a gona lokacin girbi. Kafin ka ankara, huɗu sun cika. Ka zauna da iyaye tun farkon zango ka nuna musu ranakun lakcarka. Kuma lissafi hawa-hawa ne: wanda bai riƙe aljabara ba, kalkulas zai zame masa dutse a zango na biyu.

Makin CA

Ana raba maki 100 gida biyu: gwaje-gwajen cikin zango, wato CA, kan ɗauki 30 ko 40, jarrabawar ƙarshe ta ɗauki sauran. A ma'aunin da aka fi amfani da shi, 70 zuwa sama A ne mai daraja 5, 60 zuwa 69 B ne mai 4, 50 zuwa 59 C mai 3, 45 zuwa 49 D mai 2, 40 zuwa 44 E mai 1, ƙasa da 40 kuwa F, sifiri.

A ce CA 30 ne. Wanda ya samu 24, maki 46 cikin 70 yake nema ya ci A. Wanda ya samu 10, sai ya kawo 60 cikin 70. Wanda bai zauna tes ba sam, sai ya samu 40 cikin 70 kafin ma ya tsallake da ƙyar. Idan rashin lafiya ce ta hana ka, kada ka yi shiru; ka kai takardar asibiti ga malamin da jami'in da ke kula da ajinku nan take.

F kuma tana da tsada. Ɗauki ɗalibin da ya yi rajistar yunit 18 ya ci B a duka: 72 a raba da 18, GPA ɗinsa 4.00. Idan ya faɗi lissafi mai yunit 2, ya koma 64 a raba da 18, wato 3.56. Ga kuma kari-oba: baɗi zai sake kwas ɗin a kan nauyin aji biyu, wani lokaci ma lakcocin su ci karo.

Me ya sa ake cewa "nuna aikinka"?

A JAMB, ka zaɓi amsa ka wuce. A jami'a hujja ake nema. Ga dalili. Ɗauki n² + n + 41, misalin da ake dangantawa da masanin lissafi Leonhard Euler. Sa 0, ka samu 41. Sa 1, 43. Sa 2, 47. Duk lambobi ne da ba abin da ke raba su sai 1 da su kansu. Haka za ka yi ta samu har zuwa 39, sau 40 a jere. Sai ka ce ai doka ce. Sa 40: amsar 1681, wato 41 sau 41. Doka ta rushe. Misali komai yawansa ba ya zama hujja, shi ya sa za a koya maka hanyar tabbatarwa mataki-mataki, kuma matakan nan suna ɗauke da maki ko da amsar ƙarshe ta kuskure.

Karatun daren jarrabawa

Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa abin da aka haddace yana zubewa da sauri tun a kwanakin farko, kuma maimaici a rarrabe ya fi na zama ɗaya ɗorewa. Binciken da ya biyo baya ya ƙara tabbatar da haka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Minti 40 kullum kana warware tambayoyi, littafi a rufe, ya fi kwana biyu ba barci. Ka halarci tutoriyal, ka nemi tsofaffin takardun jarrabawa, ku haɗa rukunin mutum uku ko huɗu.

Aikin gida kuwa, ana iya tattaunawa, amma kowa ya rubuta nasa. Kwafa daga aboki ko daga ChatGPT zai iya ba ka maki biyar yau, ya bar ka hannu rabbana a zauren jarrabawa. A can kuma waya ko guntuwar takarda a aljihu na iya jawo dakatarwa ko kora baki ɗaya.

A makon farko, ka tabbatar kwas ɗin yana cikin fom ɗin rajistarka, domin abin da ba ka yi rajistarsa ba, ba a lissafa maka shi. Sannan ka tambayi malamin abu huɗu: CA maki nawa ne, tes nawa za a yi kuma yaushe, wace irin kalkuleta aka yarda da ita, wace rana yake ganin ɗalibai a ofis. Ka rubuta amsoshin a shafin farko na littafinka.