Janye Jiki Ba Shi Ne Amsar Ƙiyayya Ba: Raddi Ga 'Yan'uwana Katolika na Kura da Bunkure

Akwai wata magana da ta yi ƙarfi a bakin wasu 'yan'uwanmu Katolika a ƙauyukan noman rani na Kura da Bunkure, musamman matasa. Cewa suke yi maƙwabcinmu Musulmi ba zai taɓa ƙaunarmu ba, ƙiyayyar a jininsa take. Saboda haka mu kama kanmu, mu yi ciniki da namu kaɗai, mu daina zuwa sunansu da ta'aziyyarsu, wanda ya zage mu kuma mu mayar masa da wadda ta fi tasa zafi.

Masu wannan ra'ayi ba daga sama suka tsinto shi ba. Mutumin da kakanninsa suka noma ƙasar nan tun kafin zuwan Turawa, amma yau a ce masa arne a bainar jama'a, ko a riƙa mamakin yadda Bahaushe ya zama Kirista, dole abin ya ci masa rai. Samun filin gina coci wahala ne a wurare da dama. Ga kuma jinin da ya zuba: ranar 29 ga Afrilu 2012 'yan bindiga suka far wa masu sujada a tsohon mazaunin Jami'ar Bayero, ciki har da Katolika, sannan ranar 27 ga Yuli 2014 aka jefa bam a cocin St. Charles da ke Sabon Gari. Ban raina ko ɗaya daga ciki ba. Hukuncin da aka gina a kansu ne nake jayayya da shi.

Mu fara da tambayar su wa suka zubar da jinin. Wata huɗu bayan harin St. Charles, ranar 28 ga Nuwamba 2014, aka kai hari babban masallacin Juma'a na Kano, mutum fiye da 100 suka rasu. A Nuwamban 2015 ɗan ƙunar baƙin wake ya tarwatsa kansa cikin tattakin 'yan Shi'a a Dakasoye, nan kan hanyar Zariya kusa da mu, ya kashe fiye da mutum 20. Masu wannan ta'asa ba su bar coci ba, ba su bar masallaci ba. Da wace hujja za mu ɗora laifinsu a kan manomin da gonarsa ke jikin tamu? In da ƙiyayyar a jini take, da Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Jihar Filato bai ɓoye ɗaruruwan Kiristoci a masallacinsa da gidansa ba a watan Yunin 2018, alhali maharan na tsaye a ƙofarsa.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, sukar Katolika ba daga gefe ɗaya take zuwa ba. Wanene a cikinmu bai taɓa jin ɗan'uwa Kirista na wata ɗarika yana cewa gumaka muke bauta wa ba? Wannan ya nuna tushen mafi yawan abin rashin sani ne. Mutum ya leƙa harabar coci, ya ga dattijuwa durƙushe gaban siffar Maryamu tana jan carbi, ya tafi da fassararsa, ba wanda ya tare shi ya ce masa sujada ta Allah ce shi kaɗai, Maryamu girmama ta muke yi, muna roƙon ta sa mu a addu'a. Maƙwabcinmu Musulmi yana da sura guda a Alƙur'ani mai sunan Maryam, don haka girman wannan baiwar Allah ba baƙon zance ba ne a kunnensa. Ba lallai ya yarda da mu ba, kuma akwai manyan bambance-bambancen aƙida da ba za mu ɓoye su don neman shiri ba. Amma zai tashi ya san abin da muka gaskata daga bakinmu. Wanda ya kulle ƙofarsa ya bar wa mai ƙarya fili.

Sai kuma zancen ruwa, wanda shi ne rayuwarmu a nan. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, kanal ɗaya ke shayar da shinkafa da alkama da tumatir na Kura, Bunkure da Garun Malam. Idan kachala ta toshe magudana, gonar Malam Musa da ta Bitrus tare suke ƙishi, kuma tare ake shiga cikin taɓo da lauje da shebur a yashe ta. Tsutsar da ta cinye tumatir a 2016 ba ta tsallake gonar kowa ba. Kwandon da ka ɗora a mota zuwa kasuwar Kwanar Gafan, dillali da direba da mai saye yawancinsu Musulmi ne. Wanda ya janye daga gayya da taron ƙungiyar masu amfani da ruwa, ranar rabon ruwa ko taki babu mai tuna shi. Mu ne 'yan tsiraru, mu janyewar za ta fara cutarwa.

Abin da ya fi damuna shi ne, ana kiran wannan ra'ayi kishin Ikilisiya, alhali Ikilisiya ba ta koyar da shi ba. Ranar 28 ga Oktoba 1965 babban taron bishof-bishof na Vatican ya fitar da matsaya cewa Ikilisiya na duban Musulmi da mutunci, ya kuma nemi a manta da rigingimun baya a yi aiki tare. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya zo Kaduna a Fabrairun 1982 da saƙon zumunci ga Musulmi. A 2019 Paparoma Francis da Shehin Azhar, Ahmad al-Tayyib, suka sa hannu kan takardar 'yan'uwantaka a Abu Dhabi. A nan gida, sistocin St. Louis sun iso Kano a 1948, kuma 'yan mata Musulmi da yawa sun yi karatu a hannunsu. Gaba da duk wannan, a daren da aka kama Yesu Almasihu, almajirin da ya zare takobi don kare shi tsawatarwa ya samu.

Kada a fahimce ni da cewa a yi shiru ana tauye haƙƙi. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin addini, sashe na 42 ya hana nuna masa bambanci saboda shi. In an hana ka abin da yake naka, ka je wurin mai unguwa da dagaci, ka sanar da Fada, ka rubuta ƙorafi, in ta kama ka je kotu. Zagin ramuwa a Facebook kuwa bai taɓa samar wa kowa filin coci ba, sai dai ya ja wa tsofaffinmu na ƙauye fitinar da mai rubutun ba ya nan lokacin da za ta iso.

'Yan'uwa, musamman katikis da iyayenmu na Zumuntar Mata, ku koya wa yara amsar tambayoyin da ake yi musu a makaranta, cikin ladabi ba tare da tsoro ba. Ranar yashe kanal ku fito da wuri. In maƙwabci ya yi rashi ku je ku zauna masa, ranar Kirsimeti ku aika masa da abinci, in ya aiko da naman layya ku karɓa ku yi godiya.